Tsuntsu mai hwarin kai da jan ƙahwa a tabkin Madarunfa, wa ya san shi?

Ɗan Bagalam:

Salamu alaikum 'yan zaure, ina kwananku, ya sanyi? Dan Allah ku taimaka mani da wata tambaya da ta hana ni sakat tun ran Lahadi. Ni dai ba gwani ba ne, bara na hwara wannan harka ta kallon tsuntsaye, tun da kawuna ya bar mani wata tsohuwar jumel 8x40, wato tabarau na hangen nesa, wadda idonta guda ma ya ɗan dushe, shi ke nan na kamu, duk ran da babu aiki sai in hau moto in nuhi bakin ruwa, har tsohuwata ta hwara cewa halan aljanun tabki ne ke kirana.

To Lahadin ga na yi sammako na tahi Madarunfa, bakwai da rabi ina bakin tabki. Hazo bai yi yawa ba amma akwai shi. Ruwa ya ja baya ya bar laka mai hwaɗi da 'yar ciyawa tsanwa wajen da shanu ke sauka shan ruwa. Na ishe waɗanda na saba gani, balbelu, zalɓe guda tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi, kirinjijiya can tsakiya suna ta busarsu, da zakaran ƙeƙuwa da ba ya barin mutum ya matso sai ya tona mishi asiri ga kowa.

Sai can nesa, zan ce mita 150 ko ma ya hi, na hangi wani garke na tsuntsaye masu ruwan ƙasa, sun kai talatin, suna kiwo bisa laka. Da hwarko ban kula su ba dan na ɗauka irin ƙananan nan ne na bakin ruwa da duk kamarsu ɗaya. Amma tsakiyarsu akwai guda da ya hita daban. Ya hi su girma ƙwarai, wani zakaran ƙeƙuwa ya gilma kusa da shi na ga sun yi kai ɗaya ko ma ya ɗara shi kaɗan. Kai da wuya hwari hwat kamar ya naɗa rawani, baya ruwan ƙasa, ciki hwari, ƙahwahu ja ko in ce ruwan goro. Bakin ban gan shi sosai ba.

Na yi kamar minti ashirin ina kallonshi, na kara salula a bakin jumel na ɗauki hoto huɗu, dukansu sai ka rantse ƙullin auduga ne anka yar bisa laka, kunya ma ta hana ni sa su nan. Na ba wata aplikasiyo ta gane tsuntsu, da sunayen Hwaransanci take amsawa, hoto na hwarko ta ce chevalier gambette, na biyu ta ce vanneau, wato dangin zakaran ƙeƙuwa, na ukku ta ce ita ba ta ga tsuntsu ba sam. Na ce bari in matsa, ƙahwata ta nutse cikin caɓo har ƙwauri, takalmina guda can na baro shi, kahin in hiddo kaina wani yaro ya koro shanu, na ɗaga kai babu garke babu dalilinshi, ko tashinsu ban gani ba.

To wane tsuntsu ne wannan? Kuma mi ya kai shi cikin garken da ba nashi ba?

Kabu-kabu Sabon Gari:

Hhhh abokina balbela ce ta hwaɗa caɓo ta yi dumu-dumu, kai kaɗai ya tsira. Ka ƙona esans har Madarunfa ka baro takalmi saboda tsuntsun da ko miya ba ka yi da shi ba, Allah ya shirya. Gobe in za ka ka kira ni in kai ka, jikka biyu zuwa da dawowa, takalmi kuma ka taho da ukku.

Malam Na-Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, rabu da mai moto. Abu na farko da zan ce maka, a nisan mita 150 da jumel mai ninki takwas, launi shi ne shaidar da ta fi kowace rauni. Ranar safe tana ƙara wa komi ja, hazo yana sa abu ya yi fari, laka kuma tana shafe ƙafa ta mai da ja baƙi. Saboda haka jan ƙafar nan ka riƙe shi amma kar ka gina gida bisa shi. Abin da ka yi daidai shi ne auna shi da zakaran ƙeƙuwa, wanda tsawonshi ke tsakanin santimita 25 da 28, ka ga mun samu ma'auni, tsuntsunka yana wajen 30 ke nan.

Masu jan ƙafa da wannan girma da ke zo mana daga Turai lokacin sanyi, biyu ne suka fara zo mani a rai. Gambette ɗin da salularka ta faɗa, Tringa totanus, shi ya fi son bakin teku, irin su Senegal da Gine Bisau, nan cikin ƙasa ba kasafai ba, kuma ba shi da farin kai. Ni na fi karkata ga ɗan'uwanshi chevalier arlequin, Tringa erythropus. Lokacin aure baƙi ne ƙirin, amma da sanyi sai ya koma toka-toka mai haske, gaba da ciki fari, daga nesa cikin hazo mutum na iya cewa farin kai gare shi, ƙafa kuma ja ce sosai, kuma yana son ruwan daɗi irin na tabkunanmu.

Amma kafin in tsaya a kai amsa mani waɗannan. Bakin, ko da ba ka gan shi sosai ba, ya kai ninki biyu na tsawon kan ko kusan daidai da kan yake? Cikin ruwa yake kiwo har ruwa ya taɓa cikinshi ko bisa busasshiyar laka da ciyawa? Yana gudu-gudu yana soka baki da sauri ko tafiya yake a natse? Bayan nashi sumul yake launi guda ko da zane? Sannan ka ji kuka? Arlequin yana da kuka mai gaɓa biyu, kamar cu-wit, in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa.

Ɗan Bagalam:

Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Na koma na duba kayena da hotunan, na kuma ruhe ido na tuno. Bakin gaskiya gajere ne, bai hi tsawon kan da wani abin kirki ba, kuma kamar ya ɗan sunkuya ƙasa a tsini amma wannan ba zan rantse ba. Ko sau ɗaya bai shiga ruwa mai zurhi ba, bisa laka yake da cikin ciyawa inda kashin shanu yake, shina tahiya sannu shina tsattsaga kamar kaza, ya ɗan duƙa gaba. Bayan ba sumul ba ne, da zane-zane kamar ɓawon karhwasa. Kuma ga wani abu da na manta ban hwaɗa ba, in iska ta buso ta bayanshi sai gashin bayan ya tashi tsaye kamar an ɗaga mishi riga, har na yi dariya ni kaɗai, ƙananan ma haka nasu ke yi. Kuka kam ban ji ko ƙyas ba, duk minti ashirin ɗin nan, tsuntsu talatin shiru kamar ana zaman makoki, zakaran ƙeƙuwa kaɗai ke cika wuri.

Hajiya Mai Ƙidaya:

Salamu alaikum. Malam ya yi tambayoyin da sunka dace, amsar da ƙanena ya bayar kuma ta ida warware mani abin. Ni na yi shekaru ina bin ma'aikatan gandun daji ƙidayar tsuntsayen ruwa ta tsakiyar Janairu, wadda anka hwara tun 1967, yanzu kuma ake yi a ƙasashe da yawa na duniya, kuma tsuntsun ga ya sha ruɗa mu. In za a ce in aza kuɗɗina, namijin combattant varié ne, Calidris pugnax. Garken da kake cewa ba nashi ba kuwa nashi ne, matan jinsinshi ne kake kallo.

Abin da ke ɓad da mutane ke nan. Yawancin tsuntsayen bakin ruwa mace da namiji kusan girmansu ɗaya, wasu ma macen ta ɗara. Shi ko wanga namiji kan kai santimita 29 zuwa 32, mace 22 zuwa 26, nauyi namiji wajen giram 180 mace wajen 110, in sun tsaya tare sai ka rantse jinsi biyu ne. Kuma nan Sahel mata sun hi yawa nesa ba kusa ba, dan mazan da dama ba su saukowa kudu sosai, suna tsayawa can sama, shi ya sa sai ka ga babba guda ko biyu cikin ƙanana talatin.

Duk abin da ka lissahwa a amsarka ta biyu nashi ne. Ƙaramin kai bisa jiki mai tumbi, gajeren baki mai ɗan sunkuyawa, baya mai zanen ɓawon kihi saboda kowane gashi tsakiyarshi duhu bakinshi haske, gashin baya da ke ɗagawa in iska ta buso, kiwo bisa ciyawa da laka, da shirun nan. Shirun ma ni ya hi gamsar da ni. Jinsin Tringa, wato dangin su gambette da arlequin, duk 'yan surutu ne, gambette in ka matso sai ya tada duk tabki da kuwwa, aboyeur mai koren ƙahwa kuwa sunanshi ma daga haushi ya samo shi, tyu-tyu-tyu sau ukku. Combattant kusan bebe ne, ko dubu sunka tashi ƙarar hiffike kaɗai za ka ji.

Ƙahwa kuma Malam ya yi gaskiya kar a dogara da ita, balle ga wanga, cikin garke guda za ka ga mai ruwan goro, mai ɗorawa, mai tsanwa-tsanwa, mai toka, ya danganta da shekaru da jinsi. Waɗanda sunka manyanta su ke da ruwan goron nan mai haske da ke sa a ce gambette.

Hwarin kan ne bari in ɗan daɗe bisanshi dan shi ne daɗin labarin. Can inda suke haihuwa, daga arewacin Turai har Saberiya, wajen watan Mayu da Yuni namiji kan hiddo wani tarin gashi kewaye da wuya kamar babbar riga, da tukkaye biyu a ka, kuma da wuya ka samu biyu masu launi iri ɗaya, wani baƙi wani jaja wani rodi-rodi wani hwari. Sai su taru wuri guda cikin ciyawa, kowa ya kama ɗan hilinshi da bai hi tabarma ba, suna tsalle suna kumbura suna kai wa juna hari, mata na zagayawa suna zaɓe. Kai dai ka ɗauka hilin kokowa ne na Kantu ranar takobi, sai dai babu makaɗa babu kirari, a shiru ake yin komi. Daga nan sunan combattant, wato mayaƙi, ya hito, ni ɗan kokowa nike ce mishi in ina koya ma yara. Mazan ma kashi ukku ne. Akwai masu hili, su ne mahi yawa, masu duhun gashi. Akwai masu hwarin wuya da ba su da hili, sai dai su raɓa ga mai hili shi kuma ya ƙyale su dan suna jawo mata. Sannan akwai wasu 'yan kaɗan, wajen ɗaya cikin ɗari, da ko gashin ado ba su yi, kamarsu ɗaya da mace, su saje cikin mata su yi abin da ya kawo su ba wanda ya lura, waɗannan sai 2006 masana a Holan sunka bayyana su. Bayan aure namiji ya yi gaba abinshi, mace ita kaɗai ke kwanci bisa ƙwai huɗu.

To kahin su iso nan adon ya zube, amma wasu mazan kai da wuya na zama hwari duk tsawon sanyi. Irinsu ne ka gani. Ba zabiya ba ne, ba cuta ba ce.

In ka koma, abin da zai yanke gardama tashinsu ne. Ka zuba ido ga gindin wutsiya, combattant na da hwarin tabo biyu masu siffar ƙwai, dama da hagu, da baƙin layi tsakani, hiffike kuma ɗan siririn layi hwari kawai. Gambette duk bayan hiffikenshi hwari ne mai hwaɗi, ba ya ɓoyuwa ko daga nesa. Arlequin hiffike ba hwari, sai wani hwarin tsini da ya hau tsakiyar baya. Kuma kar ka yi nawa, maza su ke hwara komawa, tun cikin Fabrairu zuwa Maris, mata su biyo baya.

Ɗan Masunta:

Ni ɗan nan bakin tabki ne, na karanta ma Baba duk abin da kunka rubuta daren jiya muna gyaran koma, ya yi ta dariya wai ashe akwai masu zuwa tun daga Maradi kallon waɗannan. Ya ce su dai ba su raba musu suna ɗaya-ɗaya, duk 'yan bakin ruwa ne, amma ya san irin da Hajiya ke nuhi, masu tashi tare su juya tare kamar an kaɗa zane. Ya ce tun yana yaro yake ganinsu, suna sauka bayan ruwan sama ya ɗauke ana cikin girbi, in zahi ya kama sai a wayi gari babu su. Kuma abin da ya daɗe yana ba shi mamaki, shi da ya san sheƙar kowane tsuntsu na tabkin ga, ya san inda zakaran ƙeƙuwa ke aje ƙwai bisa ƙasa tsirara, ya san na kirinjijiya cikin ciyawa da damina, amma bai taɓa ganin ƙwai ko ɗan tsakon waɗannan ba ko sau ɗaya. Ya ce dama ya san baƙi ne, shi dai ya ɗauka daga Kudu suke hitowa kamar shamuwa. Da na ce mishi daga ƙasar ƙanƙara suke sai ya ce to mi sunka rasa can da za su zo cin laka Madarunfa.

Mai hwarin kan ma ya ce yakan gani jehi-jehi, su sarkinsu suke ce mishi.

Wani abu kuma, shekarun baya wasu yara sun kama guda da hako, da ƙarhe a ƙahwa kamar zobe da rubutun boko da lambobi, gari ya ɗauka wai na leƙen asiri ne wasu sunka ce sammu ne anka yi ma wani, ƙarshe anka jehwa zoben cikin ruwa. Shin mi ne ne amhwaninshi?

Ɗan Bagalam in za ka dawo ka yi mani magana, ba sai ka shiga caɓo ba, Baba zai sa ka cikin jirgi, tsuntsu bai cika tsoron jirgi ba kamar yadda yake tsoron mai tahiya ƙasa.

Bawan Allah daga Nguru:

Gaisuwa ga mutanen Maradi daga wannan ɓangaren. Ina goyon bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. Mu nan dausayin Hadeja da Nguru wannan tsuntsu dubbai muke ganinsa, a Turancin Ingilishi ruff ake ce masa, in an yanke shinkafa sai su sauka cikin gonaki suna tsintar wadda ta zube, don da rani ba tsutsa da ƙwari kaɗai suke ci ba, hatsi ma suna ci sosai. Farar-kai ɗin nan duk shekara sai baƙon mai kallo ya zo yana murna ya gano sabon tsuntsu.

Amsar tambayar Baba kuwa, can arewa da sanyi ƙasa daskarewa take yi, ruwa ya zama dutse, tsuntsun da abincinsa ke cikin laka ba shi da abin da zai soka baki, dole ya taso. Lokacin kuma ya yi daidai da janyewar ruwa a wurinmu, kullum tabki na ja baya yana buɗe sabuwar laka. Wasu da ke haihuwa can gabashin Saberiya an ƙiyasta zuwa da komowarsu yana kai kilomita 30,000 a shekara, kuma Sahara a tsakani, wadda babu wurin sauka a sha ruwa, shi ya sa kafin su tashi sai sun yi ƙiba sosai, kitsen nan shi ne man tafiyarsu. A hanyar komawa suna yada zango a wurare irin su Firislan ta ƙasar Holan da fadamun kogin Pripyat a Belarus.

Zoben da yaran suka gani ba sammu ba ne ba leƙen asiri ba. Masu bincike ne ke sa shi, kowane zobe da lambarsa da ba ta maimaituwa da sunan cibiyar da ta sa shi. In an same shi a wani wuri aka aika musu lambar da ranar da sunan garin, sai su san inda tsuntsun ya bi da shekarunsa, kuma sukan aiko maka da tarihinsa. Wasu ma zobban roba masu launi ake jera musu a ƙafa don a karanta daga nesa ba sai an kama ba, in ka ga haka ka rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban ta dama daban. In an sake samun irinsa a ɗauki hoton lambar a kai wa ma'aikatan gandun daji. Sai dai in mushe aka tarar kar yara su taɓa da hannu, ba mu manta murar tsuntsaye ta 2006 ba, ku ma ta shiga muku ta Magarya.

Malam Na-Zariya:

To na janye arlequin ɗina, gajeren baki da kiwo bisa ciyawa sun kashe shi, shi da ke shiga ruwa har ciki wani lokaci ma ya yi iyo. Hajiya ta fi ni gaskiya. Amma ƙanena ina da sharaɗi guda, cikin kayenka kar ka rubuta combattant kai tsaye kamar ka tabbatar, rubuta mai yiwuwa, ka jera abin da ka gani da idonka da abin da ba ka gani ba. Dalili, yanzu da ka karanta bayanin Hajiya ƙwaƙwalwarka za ta fara ƙara wa tsuntsun Lahadi abubuwan da ba ta gani ba, nan da sati guda sai ka rantse ka ga tabon wutsiya alhali kana can kana kokowa da takalmi. Ni ya sha faruwa da ni.

In ka koma ka tsaya ta gabas da safe rana na bayanka, ka gama kafin goma don da ƙasa ta ɗau zafi iska ke fara rawa komi ya narke cikin jumel, ka zauna wuri guda ka dafa gwiwar hannu bisa gwiwa, su za su matso da kansu.

Ɗan Masunta ka gaida Baba, ka ce mashi mamakin da ya yi Turawa ma sun yi shi ta ɗaya gefen, su suna ganin ƙwai da 'ya'ya amma ba su san inda tsuntsayen ke ɓacewa da sanyi ba, har wasu na cewa cikin laka suke kwana. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi duk tafiyar da shi, har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Sa zobe kuma wani malamin makaranta ne ɗan Danmak, Mortensen, ya fara shi a 1899. Ita shamuwarmu da Baba ya ambata tata tafiyar duk cikin Afirka ce, ta zo mana da damina ta yi sheƙa cikin gari, da kaka ta yi kudu, wato tana fita waɗannan na shigowa.

Ɗan Bagalam:

Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Lahadi na koma, Ɗan Masunta da Baba sun karɓe ni kamar sun san ni shekara goma, Allah ya saka da alheri, har da soyayyar karhwasa. Bakwai saura muna cikin jirgi, Baba ya zagaya da mu ta yadda rana ke bayanmu kamar yadda Malam ya ce, ya kahe gora munka yi shiru. Wallahi bambancin ba kaɗan ba ne, mun matso har kamar mita arba'in ba su ko ɗaga kai ba.

Na ƙidaya 46, na sake na samu 44, na rubuta wajen 45. Manya ukku ne cikinsu, sauran ƙanana, kuma yanzu da na gan su kusa sai na ji kunyar cewa da na yi ba jinsi ɗaya ba ne, komi nasu ɗaya, ƙaramin kan, tumbin, ɓawon kihin, girma kaɗai ya raba. Cikin manyan guda ƙahwa ruwan goro har gindin bakinshi ma da ɗan ja, guda kuma tsanwa-tsanwa. Can sai wata shirwa ta ratso sunka tashi gaba ɗaya, na bi su da jumel hannuna na rawa, ga tabo biyu hwarare dama da hagu da baƙin layi tsakani, hiffike ba wani hwarin kirki, kuma ba wanda ya ce uffan, sunka yi gewaye biyu sunka sauka inda sunka tashi. Wannan karon na gani da idona Malam.

Gehe guda kuma akwai wani ɗan siriri shi kaɗai, ƙahwa ɗorawa-ɗorawa, baya da ɗigo-ɗigo hwari, da hwarar gira da ta wuce ido, shi da ya tashi ya yi ta cif-if-if, bisa wutsiya hwari murabba'i ba layi. Na rubuta chevalier sylvain, Hajiya ki duba mani ko na yi daidai.

Amma mai rawanin bai zo ba. Manyan ukku duk kansu ruwan ƙasa ne. Mun jira har tara da rabi, Baba ya kai mu wani lungu na biyu, babu shi. Dan haka shahin jiya na rubuta combattant varié wajen 45, maza 3, tabbas. Shahin wancan Lahadi kuma na bar shi da mai yiwuwa, na ja layi ƙarƙashi. Baba ya ce in ya gan shi cikin sati zai sa a kira ni.

Hajiya Mai Ƙidaya:

Sylvain ɗinka daidai ne, girar da ta wuce ido da kukan sun isa. Wanda ake ruɗa shi da shi cul-blanc ne, shi ya hi duhu, girarshi ba ta wuce ido, ƙarƙashin hiffikenshi baƙi. Adadin nan naka da rana da wuri ka aje su da kyau, tabkin ga tun 2019 yana cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya, irin wannan lissahi ana buƙatarshi. Asabar mai zuwa za mu hita ƙidaya kuma muna da babbar tabarau mai ƙahwa ukku, in kana so ka same mu bakin tabki shidda da rabi, ka taho da bik biyu dan guda kullum sai ya hwaɗa ruwa.

Kabu-kabu Sabon Gari:

To ni duk ban ji an yi maganar takalmin ba. An gan shi ko shi ma ya yi Saberiya?

Ɗan Masunta:

Ƙanena ya tono shi ran Talata, yana nan rataye bisa danga ya bushe. Ɗan Bagalam ka zo da ɗan'uwanshi Asabar.